Tarko a Ƙarshen Silaida

Wayar tana shiga hannun Raihana gabanta ya faɗi.

"Ku miƙa mata ta gani!" in ji Hajiya Amatullah daga kan kujerarta, tana gyara zaman tabarau. "Ai an ce ita ma tana taɓa harkar. Ta ga yadda ake aiki."

Mata suka yi dariya, irin wadda ake yi wa amaryar da ba a kai ga ɗaurawa ba. Walimar sauka ce a Islamiyyar matan aure ta unguwarsu, cikin garin Daura, an gama addu'a an koma kan zoɓo da cincin. Raihana ba ta so zuwa ba. Goggo Auta, ƙanwar babanta, ita ta ja ta, wai bai dace Hajiya Amatullah, uwar mijin da za ta aura, tana cikin manyan baƙi ita tana gida rungume da kwamfuta ba.

To ga ta ta zo, ga kuma abin da ta tarar.

Manhaja ce ta addu'o'in safe da yamma, launin ruwan hoda, an rubuta Hasken Uwa a samanta. A ƙasa akwai siririn layi da ɗan ɗigo a kai, abin da masu sana'ar ke kira silaida. Ka ja ɗigon dama rubutu ya ƙara girma, ka ja hagu ya ragu.

Raihana ta ɗora yatsa ta ja.

Ɗigon bai yi tsalle ba. Ya taso a hankali, ya biyo yatsanta kamar ɗan akuya na bin uwarsa, da ya kusa isa ya rage gudu ya zauna. Rubutun ya girma tare da shi, layin da ke tsakiya bai gusa ko kaɗan ba.

Ta mayar. Ta sake ja.

Nata ne.

Wallahi aikinta ne!

"Ya kika gani, amaryarmu?"

Ta ɗago. Maijidda ce tsaye a kanta, mai wayar, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda kowa ya san ita Hajiya ta so haɗawa da ɗanta Zakiyyu kafin ya kafe a kan Raihana.

"Wa ya yi miki silaidar nan?"

"Wa kuwa? Ni mana."

"Ke?"

"Ko da matsala ne?"

"Babu... ta yi kyau. Ta yi kyau sosai."

"Yarinyar nan ta dawo mini da idona," in ji Hajiya, tana duban matan. "Da sai an karanta mini, yanzu da kaina nake azkar ɗina. Wannan shi ne ilimi mai amfani, ba a yini ana danne-danne ba a ga komai a ƙasa ba."

Raihana ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta miƙa wayar. Manhajar nan ba ta fitar da ita ba tukuna. Waya biyu kawai ta saka wa a duniya, ta babanta da ba ta barin aljihunsa, sai ta Zakiyyu.

*

Malam Yahya, mahaifin Raihana, ɗinkin hannu yake yi na manyan riguna, allura ta cinye masa ido. Da aka saya masa babbar waya ya yi murna zai riƙa karatu, amma duk manhajar da aka saka masa, da ya ƙara girman rubutu sai shafin ya yi tsalle, layin da yake kai ya ɓace.

"Ke Raihana, wannan abin naku gaggawa gare shi," yakan ce. "Kafin in ƙifta ya gudu da ni wani wuri."

Ita kuwa kwamfuta ta karanto a Katsina, sai ta ce bari ta yi masa tasa. Ta riƙa zama kusa da shi a zaure, shi yana kallon waya ita tana kallon idonsa. In ɗigon ya yi sauri ya yamutsa fuska. In ya yi nawa ya ce, "Ko ya mutu ne?" Haka ta yi ta ragewa tana ƙarawa, har ranar da ya ja ya ci gaba da karatunsa bai ce uffan ba. Ranar ta san ta samu. Ta sa wa manhajar suna Sauƙin Ido, ta yi mata launin kore, ta ce sai bayan biki za ta sake ta ga jama'a.

Zakiyyu kuwa sai da ya yi mata alkawarin ba zai ba kowa ba sannan ta tura masa.

"Alkawari!" Goggo Auta ta taɓe baki, suna shiga gida daga walima tana warware mayafi. "Ni da na yi aure uku zan gaya miki darajar alkawarin namiji. Namiji ba ɗan goyo ba ne, Raihana."

"Goggo, Zakiyyu ba haka yake ba."

"To aljani ne ya kai mata? Ruwa ba ya tsami banza. Yarinya tana kwana gidan uwarsa, tana yi masa Yaya Zakiyyu kaza, Yaya Zakiyyu kaza. Ke kina nan kina ƙona ido, shi yana can yana yi wa wata kwalliya da guminki."

"Zan tambaye shi."

"Ki tambaye shi? Ina kika taɓa jin an tambayi ɓarawo ya ce eh?"

Maganar ta zauna wa Raihana daram, don dama ta tarar da wurin zama. Yarinya ce mai kirki, amma zargi a jininta yake. Ko kuɓewa aka ce mata ɗanya ce sai ta karya bakinta ta gani. Sana'arta kuma ta ƙara mata, don a wurinsu in abu ya ba da matsala ba tambayarsa ake yi ba, gwada shi ake yi.

*

Zakiyyu malamin dabbobi ne a Mai'adua, can yake kwana sai ƙarshen mako yake shigowa Daura. A ƙarshen makon nan da la'asar sakaliya ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gida, ya shigo zaure da warin maganin shanu da fara'arsa.

"Injiniyata! Wa ya taɓa mini ke na ga fuska ba annuri?"

"Sannu da hanya, Likitan awaki."

"Yauwa abar ƙaunata. Yau tun daga Mai'adua nake waƙarki, har wani mai mota ya ɗauka taɓuwa na yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da zoben hannunta.

"Manhajar nan tana nan a wayarka?"

"Tana nan. Kullum sai na buɗe ta, ko don in ja ɗigon nan in tuna da ke."

"Ka nuna wa Maijidda?"

"Maijidda?" Ya ware ido. "Me zai sa? Wallahi ban nuna mata ba."

"Ba ka tura wa wata budurwa ba?"

"Budurwa ɗaya na sani a Daura, ga ta nan tana hararata."

"Ba ka tura wa kowa ba ke nan?"

Nan fa ya sosa ƙeya. Ya leƙa waje wai yana duba babur. Ya dawo ya hau laluben jakarsa.

"Wai yau kotu na shigo ne? Kin ga, cuku na kawo miki, na Nijar, mai kyau. Har da dabino na Baba."

Ta karɓa ta yi godiya. Ta lura ya rantse a tambaya ta farko, ya yi wasa a ta biyu, ta ukun kuwa ya tsallake ta. Zuciyarta ta yi zafi, don tana son mutumin nan so na haƙiƙa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Da ta ce masa ga abin da ta gani a walima, da magana ta ƙare a zauren nan. Ba ta ce ba.

"Na ƙara mata wasu abubuwa," ta ce a hankali. "Gobe kafin ka koma zan tura maka sabuwar."

"Allah Ya bar mini ke, Injiniyata."

*

Washegari tun da hantsi ta rufe ɗaki ta buɗe kwamfuta.

Da farko ta ƙara shafi mai duhu don karatun yamma, abin da duk wanda ya gani zai so ya mallaka. Wannan shi ne hatsin tarko. Sannan ta koma kan silaidar da ta sha wahala a kanta, ta bar tafiyar ɗigon yadda take tun daga farko har kusa da ƙarshe. A can ƙurya, inda rubutu ya fi girma, ta cire lallashin gaba ɗaya. Duk wanda ya ja har can, ɗigon zai fizge, rubutu ya yi tsalle, shafi ya zame ya bar layin da ake kai.

Lissafinta mai kyau ne. Mai lafiyar ido ba ya ja har ƙarshe, don haka Zakiyyu ba zai lura ba, Maijidda ma haka. Shaida ce kamar tsagar da ake yi wa akuya a kunne. In ta gan ta a garken wani, babu sauran gardama.

Su wa ke ja har ƙarshe kuwa? Wannan ba ta tsaya ta tambayi kanta ba, alhali da kunnenta ta ji wata tsohuwa tana cewa an dawo mata da ido. Kishi kumallon mata, in ya motsa ba ya barin mutum ya yi tunani.

Ta tura wa Zakiyyu. Ya aiko mata da hoton zuciya ba adadi. Ta kalle su ta kife wayar, ta rasa abin da take roƙo, tarkon ya kama ko kada ya kama.

Kwanaki suka shuɗe. Raihana ta rame a tsaye. In ya kira ta ɗauka ta yi ta sauraron bayan muryarsa ko za ta ji ta mace. In ya ce yana wurin allurar shanu a Dutsi sai ta ce a ranta, wa ya sani. In bai kira ba kuma ta ce ai ga shi nan.

Ran nan tana tankaɗe a tsakar gida Goggo Auta ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Ga shi nan! Maijidda ta sako a guruf ɗin waya na matan unguwa. Wai Hasken Uwa sabon fitowa, ta ƙara shafi mai duhu!"

Raihana ta goge hannu a zani ta karɓi wayar. Ta ɗora yatsa kan ɗigon. Ya biyo ta lafiya lau, ya wuce tsakiya, ya doshi ƙarshe.

Ya fizge.

Rubutun ya yi tsalle, shafin ya zame.

Ta zauna a ƙasa cikin garin da ya zube, ta fashe da kuka.

"Kuka me?" in ji Goggo. "Ki gode wa Allah da Ya nuna miki tun ba a ɗaura ba. Yau ɗin nan a mayar musu da kayan sa ranarsu!"

Malam Yahya ya leƙo daga zaure da allura a hannu. Aka zayyana masa komai, Goggo na ƙara gishiri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Raihana.

"Kin zauna da shi kin faɗa masa abin da kika gani?"

"Baba ai na gwada shi... ga sakamakon nan."

"Riga ake gwadawa, Raihana. Mutum tambayarsa ake yi."

"Yaya, kai fa sanyinka ya yi yawa!" in ji Goggo.

"Zato zunubi, Auta. Ko tsinke ba za a fitar daga gidan nan ba sai yaron ya zo na ji ta bakinsa."

*

Ya zo ƙarshen mako, amma ba da fara'ar da ya saba ba. Idonsa ya faɗa, ko cukun babu. Raihana ta ga haka ta ce a ranta, mai laifi ya san kansa.

"Malam Zakiyyu, ba ni wayarka."

"Malam kuma? Yau ba Likita?"

"Buɗe Sauƙin Ido. Ja ɗigon har ƙarshe."

Ya ja. Ɗigon ya fizge.

"Af! Me ya same ta?"

Ta miƙa masa wayar Goggo. "Wannan manhajar Maijidda ce. Ita ma ja."

Ya kalli ruwan hodar, ya kalli sunan, ya ja. Ta fizge daidai inda tasa ta fizge.

"Wannan ai taki ce aka canza wa riga! Ina ta same ta?"

"Ni za ka tambaya?" Ta ƙwace wayar. "Kai kaɗai na tura wa wannan. Ko Baba bai da ita. Ni na lalata ƙarshen da hannuna don in ga inda za ta ɓulla, ga ta ta ɓulla a hannun budurwarka!"

"Kin lalata?"

"Eh!"

"Da gangan?"

"Da gangan!"

"A ƙarshe... inda rubutu ya fi girma?"

Ya miƙe tsaye a hankali. Ba kunya ta gani a fuskarsa ba, tsoro ta gani.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Raihana, kin san me kika yi?"

"Na kama ka."

"Hajiyarmu ta kira ni tana kuka. Ta ce idonta ya tafi, rubutu na guje mata, ko layi ɗaya ba ta iya kaiwa ƙarshe. Ta daina cin abinci. Jibi za mu kai ta asibitin ido a Katsina."

Raihana ta dafe ƙirji.

"Ita na tura wa," ya ce. "Ita kaɗai, tun ta farko. Na karya alkawarinki, ban musa ba. Kullum cewa take ba ki da aiki sai danne-danne. Na ce bari in saka mata, in ce wata ce ta yi, sai ta saba da ita ta ji daɗinta sannan in ce, to ga wadda kike ƙi. Da kika ba ni sabuwa da gudu na kai mata, ina murna."

"To Maijidda..."

"Wayar Hajiya a hannun wa take yini?"

Ta dafe kai, ta gane inda Maijidda ta samo ta.

"Na yi laifi, Raihana. Amma ke kin zauna, kin yi tunani, kin ɗana mini tarko, kin miƙo mini kina murmushi. Ni kuma ina ce miki Allah Ya bar mini ke."

"Zakiyyu, tsaya..."

Bai tsaya ba. Ta ji tashin babur, ta ji ƙararsa tana nisa. Goggo Auta da ke laɓe a bayan ƙyaure ta sulale ta koma ciki, yau kam aure ukun bai ba ta abin cewa ba.

*

Da safe, bayan Zakiyyu ya kwashe komai ya faɗa mata, Hajiya Amatullah ta aiko a zo da Raihana.

Ta shiga ɗakin kanta a ƙasa, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Hajiya na kan darduma, ta faɗa sosai, wayarta a gefe a kife. Zakiyyu na tsugune jikin bango bai ko kalle ta ba. Maijidda na gefen gado ido ya yi ja.

"Ina kwana, Hajiya."

"Da ban kwana ba kya gan ni? Matso nan."

Ta matsa.

"Ke Maijidda, da yaron nan ya ce mini wata ce ta yi abin nan, na tambaye ki ko ke ce. Me kika ce?"

Hajiya ba ta kama sunan Zakiyyu, ɗan fari ne.

"Na ce... ni ce."

"Sai kuma?"

"Na tura wa wayata. Na ba wani a Katsina ya canza suna da launi. Na ce miki koren na gwaji ne." Ta fashe da kuka. "Hajiya, na ga yadda kika yi murna ne, na kasa cewa ba ni ba ce. Kuma na ɗauka in kika..."

"In na matsa wa yaron nan ya aure ki. Na sani, ni na sa miki wannan ran, laifina ne. Satar ma da sauƙi. Amma da na ce miki abin nan yana gudu da ni, ki duba mini, me kika ce?"

Maijidda ta sunkuyar da kai.

"Da ke nake!"

"Na ce ƙila idonki ne."

"Kika ce ƙila idona ne. Kina kallona ina kuka a kan dardumar nan, ina roƙon Allah kada Ya jarrabe ni da makanta, kin gwammace in yarda na makance da ki ce ba ki iya gyarawa ba. Tashi ki haɗa kayanki ki tafi wurin uwarki. Abin da kika watsa wa mata kuma ki koma ki faɗa musu na wace ce."

Maijidda ta fita tana shessheƙa.

Hajiya ta juya. "Kai kuma sarkin dabara, an ba ka amana ka ci, wai kana gyara tsakanina da ita. Ka gyara?"

"A yi haƙuri, Inna."

"Rufe mini baki." Ta dubi Raihana ta saman tabarau, ta daɗe tana kallonta. "Ke kuma. Tarkon da kika ɗana wa ɗana, ni ya kama."

Hawaye ya ɓalle wa Raihana. "Hajiya ki yafe mini. Wallahi ban yi tunanin..."

"Ai na san ba ki yi ba. Ba zan ɓoye miki ba, ban so ki ba. Na ce yarinyar da ba ta ɗaga kai daga kwamfuta ina za ta ga tsohuwa balle ta ji tausayinta. Ashe abin da ya fi komai tausayin idona daga hannunki ya fito. Kuma hannun nan dai shi ya hana ni barci." Ta turo wayar da bakin tasbaha. "Gyara mini abina."

Raihana ta ɗauka. Sai an haɗa wayarta da ta Hajiya kafin ta tura mai kyau. Zakiyyu ya matso ya karɓi ta Hajiya ya riƙe mata, fuska a ɗaure.

"Ka yi haƙuri," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya kau da kai.

"Likita..."

"Da kin ce mini ga abin da kika gani, da a zauren nan na faɗa miki komai."

"Na tambaye ka. Ka ba ni cuku."

Bakinsa ya motsa, ya danne dariyar da ƙyar. "Na ba ki cuku," ya amsa. "Tsoro na ji ki ce na ci amana."

"Ai ka ci."

"Na ci. Ke kuma kin mayar da ni ɓera."

"Ba zan ƙara ba. In na ga abu zan faɗa maka a fuskarka, ko zai yi ɗaci."

"Ni ma in kin tambaya zan ba ki amsa cikakkiya." Ya ɗago ya dube ta. "Jiya ban runtsa ba, Injiniya. Na yi ta neman yadda zan daina son ki, ban samu hanya ba."

"Kada ka samu."

"Wai gyara ake ko zance?" in ji Hajiya.

Raihana ta yi sauri ta miƙa wayar da hannu biyu.

Hajiya ta gyara tabarau. Ta yi bisimilla, ta ɗora yatsa kan ɗigon, ta ja shi a tsorace. Ya biyo ta. Ta wuce tsakiya, ta ɗan dakata, ta rintse ido ɗaya kamar mai jiran mari, sannan ta kai shi ƙarshe.

Ya rage gudu ya zauna. Rubutun ya cika fuskar wayar manya-manya, layinta na nan inda ta bar shi.

Ta fara karantawa a hankali. Ta gama layi ta shiga na gaba, ta gama shi ta shiga wani. Babu wanda ya motsa a ɗakin har ta kai ƙarshen addu'ar.

"Ashe ba makancewa nake ba," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Alhamdulillahi. Ashe ba makancewa nake ba."

Ta ajiye wayar ta ɗaga hannuwa. Ta yi wa iyayenta addu'a, ta yi wa mijinta da ya rasu, ta roƙa wa Malam Yahya lafiyar ido. Sannan ta dubi Zakiyyu da Raihana.

"Ya Allah, yaran nan biyu, ga wauta ga taurin kai, Ka dai gan su. Ka kai mu ranar da aka sa lafiya. Ka zaunar da su lafiya, Ka cire musu zargi a tsakaninsu."

"Amin!" in ji Zakiyyu, da ƙarfin da sai da kajin tsakar gida suka watse.

Raihana ta sunkuyar da kai tana share hawaye.

"Ban ji naki ba."

"Amin, Hajiya..."

"Hajiya ta mutanen waje ce," tsohuwar ta ce, ta kamo hannunta ta riƙe gam. "Inna za ki ce."